Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu shirya mana tarukan bita a harkar ilimin firamare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayen gidanmu, jami'an ilimi na jiha da na ƙananan hukumomi, tare da abokan hulɗarku na ƙungiyoyin ba da tallafi masu ɗaukar nauyin tarukan da ake kiran mu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Allah ya dafa muku a kan wannan nauyi da aka ɗora muku, ya ƙara basira.

Ni shugaban wata makarantar firamare ne a karkara. Na rubuto da yawun 'yan'uwana shugabannin makarantun yankinmu, da malaman aji, da membobin kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da SBMC, har da iyaye mata waɗanda sunayensu ke cikin kwamitocin amma ba a cika jin muryarsu ba. Mun tattauna a tsakaninmu, suka ce in ɗauki alƙalami.

Takardar gayyatarku ta iso. Za a sake tara mu kwana uku a babban birnin jiha kafin a dawo hutu, a kan matsalar yaran da sunansu ke cikin rajista amma ba a ganin su a aji. Ba mu da ja a kan batun, mu ne muke kiran sunan kowace safiya mu ji shiru. Alƙaluman da UNICEF ta daɗe tana ambatawa sun ce yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma a bayan waɗannan akwai wasu da aka ƙirga a cikin masu zuwa alhali zuwan nasu na jefi-jefi ne. Abin da ya sa muka yi tsaki shi ne abin da aka maƙala a bayan takardar: jadawali irin na kullum, da fom ɗin tsarin bunƙasa makaranta wanda ya zo da matsalolin a rubuce, maganinsu ma a rubuce, saura mu cike sunan makaranta mu sa hannu. Kokenmu a kan yadda ake zaman ne. Muna ganin irin wannan zama ba zai haifar da sabuwar dabara ba ko da sau nawa za a maimaita shi, kuma gyaransa bai kai kuɗin zauren otal na yini ɗaya ba.

Mu fara da zauren. Ana kiran mu ƙarfe tara, mu da muka baro gida tun bayan sallar asuba. Babban baƙo ba ya isowa sai wajen sha ɗaya da rabi, kuma ba a buɗe taro sai ya zauna. Sai addu'a, sai gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, sai jawabin maraba, sai saƙonnin fatan alheri, sai hoto a ƙofar otal. Kafin a ce an shiga aiki an kira azahar. Da zarar an ɗauki hoton manya sun shiga mota, wato masu ikon canza wani abu sun tafi kafin waɗanda suka san abin da ya kamata a canza su buɗe baki. Ba ƙyashin girmama na gaba muke yi ba, tarbiyyarmu ce. Amma akwai abin da duk muka sani ba a faɗa: idan mai girma ya riga ya ce a jawabinsa matsalar ita ce iyaye ba su san darajar boko ba, to an rufe babin. Babu hedimastan da zai miƙe a gaban mutum ɗari ya ce, ranka ya daɗe, a garinmu ba haka ba ne, alhali takardar canjin wurin aikinsa ta teburin mutumin take bi. Kowa sai ya maimaita abin da oga ya faɗa da wasu kalmomi, mai ɗaukar rahoto ya rubuta cewa mahalarta sun yi ittifaƙi. Ga kuma Turancin da majigi ke haskawa a bango, wanda wakilin mai unguwa da wakiliyar mata ke kallo har barci ya ɗauke su.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Sau da yawa ana kiran mu shawara a kan abin da aka riga aka yanke. Wasunmu sun taɓa ganin sanarwar bayan taro a buge, an ajiye ta a gefen teburin rajista tun ranar farko. Ba laifi ba ne hukuma ta yanke hukunci, aikinta ne. Laifin shi ne a ɓoye mana iyakar abin da ke hannunmu. Malaman tarihin Musulunci suna kawo cewa a ranar Badar, da Manzon Allah (SAW) ya sauka da rundunarsa a wani wuri, Hubabu ɗan Munzir ya tambaye shi ko wannan masauki umarni ne daga Allah da ba a wuce shi, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka ce masa ra'ayi ne, sai ya kawo shawarar a matsa zuwa ruwan da ya fi kusa da abokan gaba, kuma aka karɓa. Amsar irin wannan tambaya muke buƙata a farkon kowane zama. Ku ce mana, wannan da wannan doka ce daga sama, ba mu da ikon taɓawa. Wannan kuwa a buɗe yake, abin da kuka yanke shi za a yi. Wanda ya san filinsa kaɗan ne zai noma shi da zuciya ɗaya. Wanda aka yaudara sau biyu, a na uku kuɗin mota kawai ya zo karɓa, kuma kada a zarge shi.

Illar wannan ba a zauren take tsayawa ba, tana bin mu har makaranta. Mutum ba ya riƙe abin da aka karanto masa kamar yadda yake riƙe abin da bakinsa ya furta a gaban tsaransa, kuma an gwada wannan tun da daɗewa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu nama ya yi ƙaranci a Amurka, hukumomi na son matan gida su riƙa dafa kayan ciki irin su zuciya da ƙoda, abin da ba su saba ci ba (mu da muke rububinsu a wurin mai tsire sai abin ya ba mu dariya). Wani masanin halayyar jama'a mai suna Kurt Lewin da abokan aikinsa suka raba matan kashi biyu. Kashi ɗaya aka yi musu lacca mai kyau, da bayanin amfanin abincin da yadda ake dafa shi. Ɗaya kashin aka zaunar da su suka tattauna da junansu a kan abin da ke hana mace dafawa, warin ne, ko ƙyamar maigida, sannan a ƙarshe aka ce wadda za ta gwada ta ɗaga hannu. Da aka bi sawu, 3 cikin 100 na waɗanda suka ji lacca ne suka dafa, a cikin waɗanda suka tattauna kuwa 32 cikin 100. Bayanin iri ɗaya ne, matan iri ɗaya. Mu kuwa har yau a sahun masu jin lacca ake ajiye mu, sannan a dawo bayan zango biyu ana mamakin fom ɗin yana cikin durowa ƙura ta rufe shi.

Za ku ce ai ana raba mu rukuni-rukuni mu yi aiki. Gaskiya ne, ana yi, bayan cin abinci, minti ashirin. Ga yadda yake gudana. Mutum goma sha biyar za su ja kujeru su kewaye farar takarda ɗaya. Wanda ya fi kowa girman muƙami ya zama shugaba, wanda ya fi iya Turanci ya karɓi alƙalami. Mutum uku su yi ta magana. Idan wani malamin aji ya yi ƙarfin hali ya kawo abin da ba a saba ji ba, kafin ya rufe baki an ce masa ba zai yiwu ba, babu kuɗi, an taɓa gwadawa. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, na kusa da shi ma da ke shirin magana ya fasa. A ƙarshe duk rukunoni su fito da abu guda: wayar da kan iyaye, samar da kayan aiki, sa hannun masu ruwa da tsaki. Waɗannan kalmomi mun haddace su, babu wanda ya san wa zai yi me ranar Litinin.

Masu nazarin yadda taro ke haifar da dabara sun san wannan cuta, sun kuma san maganinta. Alex Osborn, wani mai harkar tallace-tallace a New York, shi ya yayata ƙa'idar cewa a raba lokacin kawo shawara da lokacin tace ta: a fara tara duk abin da ya zo wa mutane a rai ba tare da suka ba, sai daga baya a zauna a zaɓa. Amma ko wannan bai isa ba. A 1958 masu bincike a jami'ar Yale suka gwada, suka tarar mutum huɗu da kowa ya zauna shi kaɗai ya rubuta, aka haɗa abin da suka rubuta, sun fi mutum huɗu da suka zauna tare suna faɗa da baki yawan dabaru, kusan ninki biyu. A 1987 wasu masana biyu a Jamus, Diehl da Stroebe, suka nuna babban dalilin: baki ɗaya ne ke magana a lokaci guda, kuma yayin da kake jiran layi ya zo kanka, abin da ke ranka ya tsere ko ka raina shi. Ku ƙara kunya da tsoron na gaba irin namu a kan wannan, ku ga abin da zai rage. Shi ya sa tsarin da Delbecq da Van de Ven suka wallafa a 1971 ya fara da shiru. A ba kowa 'yan mintuna ya rubuta nasa shi kaɗai. Sannan a zagaya, kowa ya faɗi guda ɗaya, a rubuta a allo yadda ya faɗa, ba muhawara, a sake zagayawa har su ƙare. Sai a yi tambayoyin neman bayani. Daga ƙarshe kowa ya zaɓa a asirce. Babu na'urar da ake buƙata, alli da yankakkun takardu sun wadatar.

Wanda bai iya rubutun boko ba fa? Ya rubuta da ajami, ko ya raɗa wa na kusa da shi, ko a bar takarda gaba ɗaya a koma ƙasa. Robert Chambers na jami'ar Sussex a Ingila, wanda ya yi fice wajen yaɗa hanyoyin binciken karkara tare da mutanen karkara, nasiharsa ga ma'aikata ita ce su miƙa sandar: jami'i ya daina tsayawa yana nuni, ya ba mutanen gari sandar su zana taswirar garinsu a ƙasa, su ƙirga da tsakuwa da ƙwayar hatsi, shi kuma ya tsuguna ya saurara.

Na ga an yi haka da idona a makarantar wani ɗan'uwana hedimasta a ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. 'Yan matan aji biyar da shida sun yi masa ƙaranci, ya kira zaman kwamiti, ya gayyace ni in zama shaida. Tun kafin ranar ya je ya roƙi mai unguwa da liman alfarmar su yi magana a ƙarshe, suka amince, har mai unguwa yana cewa ya huta. Maza suka zauna a inuwar darbejiyar makaranta, mata kuma a cikin gidan mai unguwa tare da wata malama. Aka ba wani tela sanda ya zana garin a ƙasa: ga masallacin Juma'a, ga kasuwa, ga rafi, ga fanfon burtsatse. Aka yi ta gyara masa ana dariya, wani na cewa ka matse mana lungunmu. Sai aka ce duk wanda ya san gidan da yarinya ke fashi ya ɗora tsakuwa a kai. Kafin a gama kowa ya ga abin da rajista ba ta taɓa nunawa ba: tsakuwar ta taru a unguwa ɗaya, wadda ta fi nisa da fanfon. Maza suka ce talla ce da talauci. Da malamar ta fito da abin da mata suka faɗa sai zance ya canza. Fanfo ɗaya ne ke aiki a garin, 'yan ga-ruwa ke kama layi tun duku-duku da kurarsu, yarinya ba ta samun cika bokiti sai hantsi ya dubi ludayi. Idan ta iso makaranta a makare akwai bulala a bakin ƙofa, don haka duk ranar da ta makara sai ta gwammace ta ɗauki farantin talla. Tallar da ake ta zargi ashe ita ce ƙarshen zancen, ba farkonsa ba. Aka jera ƙore huɗu, kowace da shawara ɗaya, aka ba kowa ƙwayar masara uku ya jefa inda ya ga dama a bayan zana. Abin da ya yi rinjaye: kwamitin fanfo ya ba 'yan makaranta gaba a layin safe, makaranta kuma ta ajiye bulalar makara. Shugaban 'yan ga-ruwa yana wurin, ya yi gunaguni, aka daidaita da shi a kan lokaci. Ban ce komai ya warware ba, da damina ta sauka yara maza sun bi iyayensu gona kamar kullum. Amma a zangon da ya biyo baya sai da hedimastan ya aiko neman aron benci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu fom ɗin da aka buga a birni da zai zo da layin fanfo a cikinsa.

Wannan ya kawo mu ga batun mata da yara. Kusan shekara ashirin ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitocin SBMC, kuma ƙa'idar ta tanadi kujerun mata da na ɗalibai tare da na sarakuna, malaman addini da masu sana'a. A takarda an cika. A zaure kuwa, mace biyu a cikin maza arba'in, a kujerun baya, wataƙila surukin ɗaya na zaune a gaba. Idan aka ce Hajiya ko kina da abin cewa, za ta ce duk abin da aka yanke daidai ne, kuma a al'adance ta yi abin da ya dace. Kuskuren na wanda ya tsara zaman ne. A Hudaibiyya, lokacin da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, shawarar Ummu Salama ce ta warware lamarin, kuma a keɓe ta bayar da ita. A nan kusa da mu, a yankin Maraɗi, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE sun ginu ne a kan adashen da mata suka gada. Su ke kafa dokokinsu, su ke riƙe asusunsu, su ke cin tarar wadda ta makara, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matan da ke gudanar da irin wannan zama duk mako ba su rasa abin faɗa a kan makarantar 'ya'yansu ba. Wurin faɗar ne ba a ba su ba.

Akwai kuma yadda kowane taro ke farawa da jerin abin da babu: babu malamai, babu benci, babu rufi. Duk gaskiya ne, amma mutum ɗari da suka shafe safiya suna lissafin rashi ba su da sauran kuzarin ƙirƙira da rana. Ba a taɓa tambayar mu ko akwai makarantar da ke cikin irin talaucinmu amma yaranta na zuwa ba, bare a ce me take yi. A 1990 Jerry Sternin da matarsa Monique suka je Biyetnam a ƙarƙashin ƙungiyar agajin yara ta Save the Children don yaƙi da tamowa, aka ba su wata shida su nuna sakamako. Maimakon su kawo abinci daga waje, suka sa mutanen ƙauye su auna yara su nemo gidajen matalauta da 'ya'yansu ke da ƙoshin lafiya. Aka tarar iyayen nan na tsinto ƙananan jatan lande da ƙaguwa a gonakin shinkafa, suna haɗawa da ganyen dankalin Hausa, suna kuma ciyar da yaran kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Maganin yana cikin garin, a hannun waɗanda ba a tambaya. A kowace ƙaramar hukuma akwai hedimasta irin wannan, wanda ya daidaita da malamin makarantar allo a kan lokacin tashi, ko ya san yadda yake yi da ranar kasuwa. Yana zaune a layi na bakwai a zaurenku yana jin lacca.

Sai abin da ke biyo bayan taro, wato babu komai. A ce mu koma mu koyar da sauran malamai, kwana uku su koma awa ɗaya a ofishin hedimasta, abin da ya isa aji bai kai cikin cokali ba. Ba mai dawowa ya tambayi me aka gwada, me ya yi aiki, me ya ƙi. Amfanin da muke samu na gaskiya a wurin mai shayi muke samunsa da dare, ko a layin karɓar kuɗin mota, inda wani zai ce kai yaya kake yi da iyayen da ke cire yara lokacin girbi. Wani Ba'amurke, Harrison Owen, ya shafe kusan shekara yana shirya babban taro a 1983, da aka gama mahalarta suka gaya masa lokacin shan shayi ya fi komai amfani. Bai yi fushi ba, ya mayar da tarukansa na gaba haka: a zauna a da'ira, babu jadawali, duk mai batun da ya dame shi ya rubuta ya liƙa a bango da lokaci da wuri, masu sha'awa su bi shi. Tun 1985 ake gudanar da taruka a wannan tsari.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A janye fom ɗin da aka riga aka cike, a aiko mana da tambaya a maimakonsa. A rage bikin buɗewa zuwa rabin awa, a fara a kan lokaci ko babban baƙo bai iso ba, kuma jawabinsa ya koma ƙarshen taro, bayan ya zauna ya ji abin da aka faɗa. Idan ba zai samu zama ba, ya turo wanda ke da ikon cewa na'am ko a'a, ya zauna har a tashi. A yi zaman da Hausa, ko da harshen da mutanen wurin ke ji, rahoton Turanci a rubuta shi daga baya don masu ba da tallafi.

Mai jan ragamar zama kada ya zama shi ne ubangidan mahalarta, kuma kada ya zama mai lacca. Aikinsa ya yi tambaya, ya tsare lokaci, ya dakatar da mai dogon zance cikin ladabi, ya jawo mai shiru. Ba sai an ɗauko irin waɗannan mutane daga waje ba. Hanyar da Kamal Kar ya fara a Bangladesh wajen shekarar 2000, inda mutanen gari ke zagaya garinsu su zana taswirar wuraren da ake bahaya su yanke wa kansu hukunci, an horar da ma'aikatan ruwa da tsafta da dama a kanta a Arewa, kuma tana cikin hanyoyin da aka bi har aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. A nemi irinsu su horar da jami'an sa ido na makarantu, a kuma zaɓi malamai mata a cikin waɗanda za a horar.

A sauko da tarukan daga otal zuwa makarantu, gungu-gungu, makaranta biyar ko shida a wuri ɗaya, a daidai lokacin da manomi da mai sana'a za su iya zuwa. Mata su fara zamansu daban, ɗalibai ma haka, sannan a kawo abin da suka faɗa gaban kowa ba tare da an ambaci sunan mai maganar ba. Kowane zama ya fara da shirun rubutu kafin muhawara, zaɓe kuma a asirce.

Kafin a amince da kowane shiri, a ware rabin awa a yi abin da masanin yanke shawara Gary Klein ya bayyana a 2007: a ce wa mahalarta, mu ɗauka shekara ta zagayo shirin nan ya rushe, kowa ya rubuta abin da ya rusa shi. Wannan ya dace da mu ƙwarai, domin ƙaramin malami zai iya faɗin aibin shirin oga ba tare da ya yi rashin kunya ba, tunda tambayarsa aka yi.

Kada a tashi sai an rubuta abu biyu ko uku kacal, kowanne da sunan wanda zai yi da ranar da za a duba. Wani kaso na kuɗin da aka ware wa zaure da abinci a ajiye shi don zaman bibiya a tsakiyar zango, inda za a faɗi abin da ya ƙi aiki ba tare da tsoron takardar tuhuma ba.

Muna da sharaɗi ɗaya da ba ma son a manta. Kada wannan ya zama hanyar zame wa nauyi. Tattaunawa ba ta ɗaukar malami aiki, ba ta rufa ajin da iska ta yaye, ba ta biyan albashi. Idan mutanen gari suka jefa masararsu a ƙwaryar da ke cewa a turo malama mace, to wannan ba aikin mai unguwa ba ne, naku ne, kuma muna so a ba mu amsa a rubuce ko da amsar ita ce ba bana ba. Mun kuma san abin da zai fito daga irin wannan zama ba lallai ya shiga layukan fom ɗin masu ba da tallafi ba, kuma zai ɗauki lokaci fiye da lacca. Muna roƙon ku tsaya mana a gabansu a kan wannan.

Idan kuna ganin sauya tsarin gaba ɗaya a wannan karon zai yi wuya, ku ba mu gungu ɗaya a gwada, sauran su tafi yadda aka saba, a ƙarshen zango a ɗauko rajistar ɓangarorin biyu a kwatanta. Mu za mu tanadi aji da tabarmi da alli, mu kuma sanar da masu unguwanni. Muna sauraron amsarku kafin ranar da aka sa a takardar gayyata.

Allah ya ƙara girma, ya yi mana jagora baki ɗaya. Wassalam.

Naku cikin biyayya,
Wani shugaban makarantar firamare,
a madadin shugabannin makarantu, malamai da membobin kwamitocin SBMC na yankinmu.